Wace Manufa Ce Za Ta Dawo da Keke Titunan Kaduna?

Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabinsa na kama mulki cewa an daina biyan tallafin man fetur, lissafin fita da dawowa ya sauya a kusan kowane gida a Kaduna. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin shekarar 2024 ta ƙare kuma ta zarce 1,000 a gidajen mai da yawa. Kuɗin bas da na Keke Napep suka bi sahu, ma'aikacin da ke zaune a Rigasa ko Sabon Tasha yana aiki a tsakiyar gari ya wayi gari kaso mai tsoka na albashinsa yana ƙarewa a hanya. A cikin wannan hali ne wasu suka zaro tsofaffin kekunansu daga bayan ɗaki suka kai wa mai gyara, wasu kuma suka lallaɓa suka sayi na hannu. Sai dai tsadar mai tana iya ɗora mutum a kan keke, amma ba ta iya zaunar da shi a kai. Ranar da ya samu sukunin sayen babur, ko ranar da tirela ta matse shi a gefen titi ya sha da ƙyar, ranar zai jingine shi. Abin da ke sa mutanen gari su riƙi keke a matsayin abin hawansu na kullum, ko da wadata ko babu, shi ne irin tsarin da hukumomin garin suka yi wa titi.

Kaduna ba baƙuwar keke ba ce. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, daga baya Arewa Textiles da UNTL da Nortex suka biyo baya, kamfanin haɗa motocin Peugeot kuma ya buɗe a 1975. Dattawan da suka ci abinci a waɗannan wurare suna ba da labarin yadda hanyar Kachia ke cika maƙil da kekuna idan an tashi daga aiki, da yadda mai Raleigh ke yi mata ado da madubi da ƙararrawa, yana goge ta da tsumma kowace safiya kafin ya fita. A wancan zamani malamin makaranta da malamin asibiti da malamin gona duk keke suke hawa, gwamnati ma tana ba ƙananan ma'aikata bashin sayensa, kuma babu mai ganin hakan zubar da girma ne. Kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata na tsakiyar shekarun 1970, da arzikin man fetur suka buɗe ƙofar babur da mota, tallafi ya sa man ya yi araha na tsawon shekaru, sana'ar acaɓa ta bazu, baburan China masu sauƙin kuɗi suka cika kasuwa, masaƙun Kakuri kuma suka riƙa durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan duk titin da aka shimfiɗa ko aka faɗaɗa, da faɗin mota aka auna shi.

Ana yawan cewa raini ne ya kashe keke, wai mutanenmu suna ganinsa abin hawan wanda bai da shi. Rainin yana nan, amma ni a ganina ɗa ne, ba uba ba. Da titi ya zama wurin da mai keke ke saka ransa a hannu, duk mai halin barinsa sai ya bar shi, aka bar maigadi da lebura da ɗan makaranta da mai kai burodi shaguna, wato mutanen da ba a jin muryarsu a wurin da ake zana taswirar titi. Saboda haka duk manufar da za ta yi aiki, da waɗannan mutanen za ta fara, domin su ne suke kan keken a yanzu, su ne kuma suka san inda hanya ke cizo.

Wahala ta farko ita ce ikon titin Kaduna ba a hannu ɗaya yake ba. Hanyar Nnamdi Azikiwe da ta kewaya garin ta yamma, da hanyoyin da suka fita zuwa Zariya da Abuja, na gwamnatin tarayya ne. Manyan titunan cikin gari na jiha ne, inda hukumar KADRA ke kula da gini da gyara, KASUPDA ke da tsarin birni da ba da izinin gini, jami'an KASTLEA kuma ke tsaye a mahaɗa suna tabbatar da dokar hanya. A ƙasan waɗannan akwai ƙananan hukumomi huɗu da birnin ya ratsa: Kaduna ta Arewa, Kaduna ta Kudu, Chikun da Igabi. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, a ciki har da gina tituna da kula da su, fitilun hanya, magudanun ruwa, kasuwanni da tashoshin mota, ya kuma ba ta ikon ba da lasisin keke da amalanke da baro da kwalekwale. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye daga asusun tarayya, ya ƙara wa wannan jadawali nauyi a kan takarda. Mai keken da ya taso daga Rigasa zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi yana fara tafiyarsa a layin unguwa, ya tsallaka hanyar tarayya mai cike da manyan motoci, ya ƙarasa a titin jiha. Idan ɗaya daga cikin hukumomin nan ta gyara nata gutsuren sauran suka bar nasu, tafiyar tana nan da hatsarinta, domin mahayi yana auna hanya ne da wurin da ya fi muni a cikinta.

Wanda yake son ya ga wannan hatsari da idonsa, ya tsaya kusa da shataletalen Stadium da misalin bakwai da rabi na safe. Zai ga mai keke da kwali a ɗaure a kariya yana bin bakin kwalta, inda yashin da ruwan sama ya taro ya kwanta, ga buɗaɗɗen lambatu a damansa. Yana cikin tafiya mai Napep zai sha gabansa ya taka birki don ɗaukar fasinja, shi kuwa zaɓinsa biyu ne: ko ya sauke ƙafa ya jira, ko ya karkata hagu ya shiga gaban bas ɗin da ke tafe da gudu yana danna oda. Kafin ya kai gada zai yi wannan karkatar sau da yawa. Saurayi mai jini a jika yana iya jurewa, amma magidancin da ya haura hamsin ba zai yi ba, kuma babu uwar da za ta sa ɗanta ɗan shekara goma sha biyu a wannan hanya ta kwanta hankalinta kwance.

Garuruwan da suka yi nasara a wannan fanni duk daga tsoron nan suka fara. Ana kawo misalin ƙasar Holan kamar da keke aka haifi mutanenta, alhali ita ma motoci sun mamaye titunanta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, har a 1971 mutum sama da 3,000 suka mutu a haɗuran hanya, fiye da 400 daga cikinsu yara. Iyaye suka fito zanga-zanga, rikicin man fetur na 1973 ya zo ya ƙara matsa lamba, majalisun birane suka fara ware wa keke hanyarsa da rage gudun mota a unguwanni. Yau fiye da rubu'in tafiye-tafiyen mutanen ƙasar a kan keke ake yin su. Amma misalin da ya fi dacewa da mu shi ne Sebiya ta ƙasar Sifaniya, garin da masu kallon ƙwallo suka san ƙungiyarsa ta Sevilla. Gari ne mai zafi, inda ma'auni ke wuce digiri 40 a bazara, kuma kafin 2006 kusan ba a hawan keke a cikinsa. Hukumar birnin ta gina kimanin kilomita 80 na hanyar keke cikin ƙasa da shekara biyu, ta raba ta da hanyar mota da shinge ko dakali, ta kuma tabbata kowane reshe ya haɗu da ɗan'uwansa. Cikin 'yan shekaru tafiye-tafiyen keke suka ninka sau da yawa har suka kai wajen 70,000 a rana. Abin lura a nan shi ne ba su gina gutsure a nan gutsure a can suna jiran su ga ko za a hau ba, sun shimfiɗa hanya ce wadda mutum zai bi daga ƙofar gidansa har wurin aikinsa ba tare da ta yanke ta jefa shi cikin motoci ba.

Ba sai an je Turai ba ma. Tamale da ke arewacin Gana, wadda yanayinta da rayuwar jama'arta suka yi kama da namu, tana da hanyoyin keke a gefen manyan titunanta, haka ma Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, ta ware wa masu ƙafa biyu nasu layin a manyan hanyoyi, kuma a garuruwan biyu mace a kan keke da kayan cefane ba abin juyowa a kalla ba ne.

A Kaduna, kogi ne ke yanke hukuncin inda irin wannan hanya za ta fara. Kogin Kaduna ya raba birnin gida biyu, kuma duk da yadda rikice-rikicen 2000 da 2002 suka sauya mazaunin jama'a tsakanin arewa da kudancinsa, neman abinci bai daina tsallaka gada ba. Duk mai tafiya daga Kawo ko Tudun Wada zuwa Kakuri ko Barnawa, dole ya bi ta ɗaya daga cikin 'yan gadojin da ake da su, inda kowane irin abin hawa ke matsuwa a wuri guda. Shirin sabunta birane da gwamnatin Malam Nasir El-Rufai ta ƙaddamar a 2019 ya sake gina gadar sama ta Kawo, ya yi hanyar ƙarƙashin ƙasa a shataletalen Leventis, ya ƙara sabuwar gada daga Kabala Costain zuwa ɓangaren Barnawa, ya kuma faɗaɗa tituna da dama tare da dakalin masu tafiya a ƙasa da fitilu. Aiki ne da ya canza fuskar gari, amma bai fitar wa keke da hanya mai haɗe da juna ba. Hausawa suka ce tun ran gini tun ran zane. Ƙara mita biyu a gefen titi lokacin da yake kan takarda abu ne mai sauƙin kuɗi, fasa dakali da matsar da lambatu bayan an gama kuwa tsada ne ninki. Duk da haka ƙashin bayan garin a bayyane yake: daga Kawo a bi Ali Akilu, a shiga Ahmadu Bello Way, a tsallaka gada zuwa shataletalen Station, a miƙe hanyar Kachia har Sabon Tasha, sannan a jawo reshe daga Rigasa ta Bakin Ruwa da Tudun Wada zuwa kasuwa. Ba lallai kowa ya bi layin daga farko har ƙarshe ba. Yawancin tafiyar yau da kullum gajeriya ce, kuma mai keken da ba ya gaggawa yana cin kilomita biyar a cikin minti ashirin, wanda a lokacin cunkoso yakan riga mai jiran bas ta cika isa.

Yadda za a yi hanyar ya fi inda za a yi ta wuya. Abu mafi araha shi ne a ja farin fenti a gefen kwalta a zana hoton keke, kuma shi ne abin da ya kamata a guje wa. Duk wanda ya san Kaduna ya san fentin ba zai kwana bakwai ba wurin zai zama tashar Napep, mai lemo ya ajiye baronsa, mai shago ya fito da janaretansa, mai mota ya faka ya shiga banki. Mai keken da aka ce masa ga hanyarka zai riƙa fita yana shiga, abin da ya fi rashin hanyar ma hatsari, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Hanyar da za ta rayu sai an raba ta da mota da wani abu mai tauri, dakalin kankare ko jerin turaku, faɗinta ya isa mutum ya wuce ɗan'uwansa, kuma a riƙa share ta, domin yashi da fasassun kwalabe suna korar mahayi kamar yadda mota ke korarsa. Wannan yana nufin za a karɓi fili daga hannun wani, kuma a nan ne siyasar lamarin take. Mai Napep da mai talla ba abokan gaba ba ne, abincinsu suke nema a bakin titin nan tun kafin a yi maganar keke. Idan ba a zauna da ƙungiyoyin direbobi da shugabannin 'yan kasuwa an ware wuraren sauke fasinja da wuraren kasa kaya ba, za su koma cikin hanyar, kuma babu yawan jami'an da zai hana su. Akwai kuma tambayar babur, wadda dole a amsa ta tun farko. Idan aka bar babura su shiga, hanyar ta zama tasu, yaro da dattijo kuma sun fita. Ra'ayina shi ne a hana, a kuma sa KASTLEA ta tsare mashigai sosai a watannin farko har abin ya zama jiki. Mahaɗa da shataletale su ne wuraren da aka fi buge mai keke, don haka hanyar da ta yi kyau a miƙe amma ta ɓace daidai bakin shataletale ba ta gama aikinta ba.

A cikin unguwanni kuwa ba a buƙatar raba hanya, abin da ake buƙata shi ne rage gudu. Taron ministoci kan kiyaye haɗura da aka yi a Stockholm a watan Fabrairun 2020 ya nemi a ƙayyade gudu a kilomita 30 a awa a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa da masu keke, saboda wanda mota ta buge a wannan gudu galibi yana rayuwa, idan gudun ya ƙaru kuwa damar tsirarsa tana faɗuwa da sauri. Birnin Paris ya mayar da kusan duk titunansa kan wannan ma'auni a 2021. Mutanen Badarawa da Unguwar Sanusi da Narayi ba su jira wani taro ba, duk layin da aka taɓa buge yaro za ka tarar matasa sun tara kuɗi sun zuba tudun kankare ko sun shimfiɗa katon icce. Niyyar mai kyau ce, amma tudun yakan yi tsini ya lanƙwasa gargaren keke, ko ya kayar da mai kaya cikin duhu. Wannan aiki ne da ƙaramar hukuma za ta iya karɓa gobe ba tare da jiran kowa ba: tudu mai faɗi da gangare mai laushi, da fenti don a gan shi, musamman a ƙofar makarantu da asibitoci da masallatai da coci-coci.

Masu cewa rana ba za ta bari ba suna da gaskiya a watannin Maris da Afrilu, amma maganin a tsaye yake a tsofaffin titunan Unguwar Rimi da kewayen gidan Lugard, inda maɗaci da mangwaro da darbejiya suka yi rumfa a kan hanya. Faɗaɗa titi yakan ci bishiyoyi, kuma abin da ake dasawa a madadinsu sau da yawa furen ado ne da ba ya ba kowa inuwa. Ya kamata dashen itace mai inuwa ya shiga cikin kwangilar titi, har da shayar da shi shekarun farko. Damina tana buƙatar lambatu mai murfi, dare kuma yana buƙatar fitila mai ci, domin ma'aikacin da ke tashi bayan isha'i yana tsoron masu ƙwacen waya kamar yadda yake tsoron rami.

Sai batun ajiya, wanda ake rainawa alhali yana hana mutane da yawa fita da keke. Wanda aka taɓa sace wa keke a ƙofar kasuwa ba ya saurin sayen wani. A nan ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba, domin a kasuwanninmu an saba da mai tsaron babura wanda ke ba ka kati ya riƙe maka abin hawa har ka fito. Abin da ya rage shi ne a ware wa keke nasa gefen, da ƙarfen da za a ɗaure shi a jiki, a kuma sa kuɗin ya yi ƙasa sosai ko a yafe shi a makarantu da asibitoci da sakatariyoyi. Maƙeran Panteka za su iya ƙera irin waɗannan ƙarafa da yawa a kan farashi mai sauƙi. KASUPDA, wadda ke duba wurin ajiye motoci kafin ta amince da ginin babban kanti ko ofis, tana iya ƙara sharaɗin wurin keke a cikin ƙa'idojinta ba tare da kashe ko kwabo ba. Tashar jirgin ƙasa ta Rigasa, da ta fara aiki a 2016, da manyan tashoshin da motocin bas masu amfani da iskar gas na gwamnatin Sanata Uba Sani ke tsayawa, su ne wuraren da ajiyar ta fi amfani, domin keke da bas ba kishiyoyi ba ne: keken ya fito da mutum daga lungu, bas ta yi masa doguwar tafiyar. Tashar jirgin Utrecht a Holan tana da wurin ajiye kekuna 12,500, mu kuwa rumfar da za ta ɗauki ɗari biyu da mai gadi amintacce ta isa a fara da ita. Haka nan idan ana tsabtace bakin titi, a tuna da mai faci da ke zaune ƙarƙashin bishiya da famfonsa da kwanon ruwan da yake tsoma tub don gano huji. Garin da ba a samun mai gyara a kusa, keke ba ya zama a cikinsa.

Rabon kekuna kyauta shi ne abin da ya fi jan hankalin 'yan siyasa, kuma yana da wurinsa idan an san wanda ake nufi. A 2006 jihar Bihar ta Indiya ta fara ba 'yan matan da suka shiga aji tara, wato farkon sakandare a can, kuɗin sayen keke. Binciken da masana tattalin arziki Karthik Muralidharan da Nishith Prakash suka yi ya nuna shigar 'yan mata sakandare a kan kari ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari, ratar da ke tsakaninsu da maza kuma ta ragu da kashi 40, kuma tasirin ya fi ƙarfi a ƙauyukan da makaranta ke da ɗan nisa. Akwai irin waɗannan wurare a gefunan Igabi da Chikun, inda nisa da kuɗin mota ke zaunar da yarinya a gida bayan firamare. A nan sai an tafi da iyaye da malamai da masu unguwanni, a samo keken mata marar sanda a tsakiya wanda za a hau da hijabi da doguwar riga ba tare da takura ba, a kuma tsara yaran su riƙa tafiya a ayari. Ga ma'aikata kuwa, bashin da za a riƙa cira kaɗan-kaɗan daga albashi, kamar yadda aka yi wa iyayenmu, ya fi kyauta ɗorewa. Amma raba keke a tsakiyar gari kafin a gyara hanya, tura yara cikin tireloli ne.

Tarihinmu ya riga ya gwada kiran baki ba tare da gyara ba. A 2001 Ministan Sufuri Ojo Maduekwe ya ɗauki yekuwar hawan keke da gaske, yana hawa da kansa zuwa aiki a Abuja, har wata bas ta ture shi ya faɗa rami. Mutane da yawa sun yi masa dariya, amma dabararsa ba ta da laifi, titin da zai ɗauke ta ne babu. Tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya a 2018, ake ganin jami'ai suna zagaya gari da rakiyar jiniya, washegari kuma maigadi ya koma gefen lambatunsa. Rufe wasu tituna ga motoci na 'yan awoyi, kamar yadda Bogota ta ƙasar Kolombiya ke yi duk Lahadi tun shekarun 1970 da yadda Kigali ta ƙasar Ruwanda ta fara a 2016, ya fi wannan amfani domin yana ba yara da mata filin koyo cikin natsuwa, kuma safiyar Asabar a kewayen Dandalin Murtala za ta dace da kowa, tunda ba ta shafi Juma'a ko Lahadi ba. Kekunan haya da ake buɗewa da waya suna iya aiki a cikin harabar jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, amma ba su ne farkon abin da gari ke buƙata ba. Haramcin acaɓa da aka yi a 2014 zamanin Gwamna Mukhtar Ramalan Yero, da hana hawan babur na watanni a 2021 saboda matsalar tsaro, sun nuna cewa doka tana iya cire abin hawa daga titi dare ɗaya, amma ba ta samar wa mutanen da ya bari a tsaye madadinsa.

Abin da nake jin tsoro ƙwarai shi ne wata ƙaramar hukuma mai neman kuɗin shiga ta tuna da ikonta na ba da lasisin keke. Tsofaffi ba su manta da lambar En'e da ake maƙalawa a jikin keke ba, da 'yan doka masu tare wanda ba shi da ita. Abin da za a tara daga irin wannan haraji ba zai biya masu karɓarsa ba, amma zai buɗe sabuwar ƙofar tatsar talaka a kan hanya, ya kori mutanen da ake son a jawo. Idan ana son rajista don gano keken sata, a yi ta kyauta kuma bisa son rai. Fitila da abin ƙyalli na baya suna ceton rai da daddare, kuma raba su a tashoshi da makarantu ya fi kama wanda ba shi da su.

Daga ƙarshe komai yana komawa ga kasafin kuɗi. Nairobi ta amince da manufar masu tafiya a ƙasa da masu keke a 2015, inda ta yi alkawarin ware aƙalla kashi 20 cikin ɗari na kuɗin tituna saboda su da sufurin jama'a, Legas ma ta tsara tata manufar a 2018, kuma a wuraren biyu an ga cewa rubuta manufa ya fi sakin kuɗinta sauƙi. Majalisar Dokokin Jihar Kaduna tana da ikon sa wa wannan aiki layinsa na kansa a kasafi, ta kuma wajabta cewa duk titin da za a gina ko a faɗaɗa a cikin birni sai zanensa ya nuna inda mai keke zai bi da yadda zai tsallaka mahaɗa kafin a sa hannu a kwangila. Kafin nan akwai aikin da ɗaliban tsara birane na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna za su iya yi cikin zango ɗaya: su tsaya a bakin kowace gada da manyan mashigai daga asuba zuwa magariba, su ƙirga masu keke, su tambaye su daga ina suka taso, ina za su, kuma a wane wuri ne suke sauka su tura saboda tsoro. Wuraren da amsoshin suka fi maimaitawa, can ne ya kamata a zuba kankaren farko.